Sharhi a Kan Sunayen Ƙarshen Babban Hanji da na Ayyukan Tiyatarsa a Harshen Hausa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta yi nazarin kalmomin da ake amfani da su a Hausa wajen ambaton ƙarshen babban hanji da ayyukan tiyatar da ake yi masa, ta auna su, ta nuna inda suka biya bukata da inda suka gaza. Mu ba likitoci ba ne, aikinmu koyar da harshe da fassara. Abin da ya jawo hankalinmu ga wannan fage kuwa wani al'amari ne da ya faru a gidanmu. An kai wani kawunmu wani asibiti da dare, cikinsa ya kumbura, kwana uku ba bahaya ba tusa. Likita ya yi bayani mai tsawo da Turanci, wanda ya yi mana tafinta ya dunƙule shi duka ya ce: "Za a yi masa ɗan aiki a ciki." Muka sa hannu a takarda. Da dattijon ya farfaɗo sai ya tarar da jaka manne a gefen cikinsa na hagu, bahaya na zuba a ciki. An ceci ransa, babu shakka. Amma ya shafe makonni bai yarda ya shiga masallaci ba, kuma bai daina tambayarmu dalilin da ya sa ba a gaya masa ba.

Tafintan nan bai yi ƙarya ba, kalmomi ne ba shi da su. Saboda haka ma'aunin da za mu bi a wannan sharhi guda ɗaya ne: suna nagari a wannan fage shi ne wanda zai sanar da majiyyaci wurin da za a taɓa, da abin da za a yi wa wurin, da halin da zai tashi a ciki bayan an gama. Duk sunan da ya kasa yin haka ya gaza, kome kyawun ginuwarsa a idon masanin harshe.

2.0 Wurin da Ake Magana a Kai

Kafin mu shiga sharhi ya kamata mu san wurin. Babban hanjin ɗan Adam ya kai kimanin mita 1.5. Yana farawa daga ƙasan ciki ta dama, ya hau sama, ya gitta ta ƙarƙashin haƙarƙari, sa'an nan ya gangaro ta hagu. Da ya iso ƙugu sai ya yi wata lanƙwasa mai tsawon kimanin santimita 40, wadda likitoci ke kira sigmoyid. Daga nan sai wani sashe mai tsawon santimita 12 zuwa 15 da suke kira rektum, inda bahaya ke tsayawa kafin a ji matsuwa. Daga shi sai 'yar gajeriyar hanya ta kimanin santimita 4 wadda ta ƙare a dubura. Watau dai wurare uku ne a jere, kowanne da aikinsa, da cututtukansa, da irin tiyatar da ake yi masa.

Lanƙwasar nan ba manne take da bangon ciki ba. Tana rataye ne da wani tantani mai ɗauke da jijiyoyin jini, don haka tana iya juyawa a kan kanta kamar yadda ake murɗa wanki a matse shi. In ta juya, hanya ta toshe, jini ya yanke, in ba a yi hanzari ba hanjin ya mutu ya ruɓe. Wannan cuta ta fi yawa a ƙasashen Afirka, da Gabas ta Tsakiya, da Indiya, da yankin duwatsun Andes na Kudancin Amurka, ta kuma fi kama maza. A Ingila da Amurka ciwon daji ne ya fi toshe babban hanji, a wurinmu kuwa murɗewar nan tana cikin manyan dalilai. Ga kuma ciwon dajin babban hanji da ƙarshensa, wanda shi ne na uku a yawa cikin cututtukan daji a duniya, har aka ƙiyasta sababbin masu kamuwa da shi kimanin miliyan 1.9 a shekarar 2020. Ashe ke nan wuri ne da likitocin ƙasar Hausa ke shiga da wuƙa a kai a kai, kuma dole su yi magana a kansa da mutanen da ba su jin Turanci ko Faransanci.

3.0 Hanyoyin da Ake Bi da Illolinsu

Idan muka saurari shirye-shiryen kiwon lafiya a rediyo, muka duba takardun faɗakarwa da ayyukan fassara na ɗalibanmu, za mu ga hanyoyi huɗu ne ake bi.

3.1 Aro Kai Tsaye

Hanya ta farko ita ce a ɗauko kalmar yadda take a yi mata kwaskwarima: sigmoyid, rektum, kolon, kolostomi. Masu bin wannan hanya suna da hujja mai ƙarfi. Sun ce Hausa ta ari asibiti da likita da tiyata da allurar fenisilin ba ta mutu ba, kuma su kansu Turawa daga Girkanci da Latin suka aro waɗannan sunaye. Sun ƙara da cewa likitocin duniya sun daɗe da daidaita sunayen sassan jiki, tun daga jerin da aka amince da shi a birnin Basel a 1895 har zuwa wanda aka fitar a 1998, don haka duk wanda ya kauce ya ware kansa.

Mun yarda da wannan hujja a cikin aji, inda ake horar da ma'aikacin jinya wanda zai karanta takardar likita gobe. A bakin gadon majiyyaci kuwa ba mu yarda da ita ba. Kalmomin aro da suka zauna a Hausa sun zauna ne domin Bahaushe ya ga abin da idonsa: ya ga ginin asibiti, ya ga mota, ya ga rediyo. Sigmoyid ba a ganinsa. In an ce wa manomi za a cire masa sigmoyid, abin da ya ƙaru da shi sauti ne kawai. Daɗin daɗawa, aro yana raba kan Hausawa. Likitan Katsina da Turanci aka horar da shi, na Maraɗi da Faransanci, kowa zai lanƙwasa kalmar bisa lafazin da ya koya. Mun riga mun ga haka a kalmar likita kanta, wadda a Nijeriya take nufin mutumin, a Nijar kuwa sau da yawa ana nufin gidan maganin da ita.

3.2 Fassarar Asalin Kalma

Hanya ta biyu ta fi jan hankalin masu ilmi, ita ce a tono asalin kalmar a fassara shi. Sai ka ji an ce "hanji mai siffar harafin S", domin sigmoyid daga sunan harafin Girkanci na sigma ya fito. Larabawa ma haka suka yi, suka jingina shi ga harafinsu na sinun. To, mene ne amfanin harafin S ga tsohuwar da ba ta yi boko ba? In kuwa ta yi karatun allo, sinun da ta sani mai haƙora uku ne da wutsiya, bai yi kama da S ba ko kaɗan. An bar Girkanci an faɗa boko, majiyyaci yana nan inda aka bar shi.

Matsalar rektum ta fi wannan muni. Ma'anar kalmar a Latin ita ce miƙaƙƙe, Larabawa suka fassara ta da mustaƙim, wasu ɗalibanmu kuma suka bi sahu suka ce "miƙaƙƙen hanji". Alhali kuwa a jikin mutum wannan sashe ba miƙaƙƙe ba ne, yana bin lanƙwasar ƙashin gadon baya na ƙasa, yana kuma da karkata ta gefe. Sunan ya samo asali ne daga magabatan likitoci irin su Jalinus, wanda ya rayu a ƙarni na 2, waɗanda dabbobi suke fiɗewa su kwatanta da mutum, a dabbobin kuwa sashen a miƙe yake. Bature ya gaji kuskuren a cikin harshen da ba ya ji, don haka bai dame shi ba. Mu kuwa in muka fassara shi mun farfaɗo da kuskuren da ya yi barci, mun sa shi a bakin ɗalibi da harshen da yake fahimta sarai.

Wani misali da ke nuna illar wannan hanya shi ne siffar da murɗaɗɗen hanji ke bayarwa a hoton asibiti. Littattafan Turawa sun kamanta ta da ƙwayar kofi, saboda kumburi biyu da tsaga a tsakani. Ɗalibin jinya na ƙasar Hausa garin kofi ya sani a gwangwani. In aka ce masa ƙwallon dabino, nan take ya ga tsagar. Mai fassara nagari yakan tambayi kansa abin da kamancen yake son nunawa, ya nemo abin da zai nuna shi a gida.

3.3 Sakaya

Hanya ta uku ita ce ta fi yawa, ita ce kuma ta cuci kawunmu. Bahaushe mutum ne mai kunya, ba ya son ambaton wannan yanki na jiki, balle a gaban suruki ko 'ya'ya. Sai ya ce "ciki", ko "ƙasa", ko "baya", ko "wajen nan". Ita kanta tiyata an sakaya ta da kalmar aiki, domin fiɗa tana tuna wa mutum abin da mahauci ke yi wa ragon da aka riga aka yanka. Ba mu raina kunya ba, ado ce, kuma harshen da ya rasa ta ya yi hasara. Sai dai kalmar ciki ta ƙunshi tumbi da hanta da saifa da hanji da mahaifa da juna biyu. Jimlar "za a yi masa aiki a ciki" ta dace da cire afendis, ta dace da ɗinke ƙaba, ta dace da fitar da jariri, ta kuma dace da tiyatar da za ta sauya wa mutum hanyar bahaya har ƙarshen ransa. Yardar da aka bayar a kan irin wannan jimla yarda ce a kan duhu. Hausawa da kansu sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Abin lura a nan shi ne harshen ya riga ya tanadi mafita. Akwai kalmomin da ake jin nauyinsu, irin su tsuliya da takashi, akwai kuma dubura da aka aro daga Larabci, wadda malami ke faɗa a kan buzu a gaban almajirai manya da yara ba wanda zai sunkuyar da kai. Haka bahaya da bayan gida da najasa suke tsaya wa kashi. Ke nan ana iya yin magana filla-filla ba tare da batsa ba, in an zaɓi rukunin kalmomin da karatun zaure ya riga ya wanke.

3.4 Tara Kome a Ƙarƙashin Suna Ɗaya

Hanya ta huɗu ita ce a ɗauki kalma ɗaya sananniya a ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta. An yi wa dubura haka: ita ce ƙofar, ita ce gajeriyar hanyar, ita ce rektum. Amma bambancin santimita kaɗan a wannan wuri shi ke yanke hukunci. In ƙari yana can sama, likita na iya yanke sashen ya haɗa bakin hanji biyu, mutum ya ci gaba da zagawa yadda ya saba. In ya sauko ya kama naman da ke riƙe dubura, akan cire har da duburar a rufe wurin. Harshen da ya kira wuraren nan da suna ɗaya ba zai iya bayyana wa mutane biyu dalilin da ya sa aka yi musu aiki daban ba.

An yi wa basir fiye da haka. Kalma ce tsohuwa a ilmin ƙasar nan, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya rubuta risala da Larabci a kan cutar da magungunanta. A bakin jama'a kuwa, musamman masu tallar magani da lasifika a tasha da kasuwa, basir ya haɗiye kusan duk wani abu da ke damun mutum daga cibiya zuwa ƙasa: taurin bahaya, ciwon baya, kasala, ƙaiƙayi, tsiro, jini. Haɗarin yana wajen jinin. Jini a bahaya alama ce ta basir na gaskiya, alama ce kuma ta ciwon dajin ƙarshen hanji. Mutumin da aka ce masa basir mai jini ne ke damunsa zai sha jiƙo wata da watanni da kwanciyar hankali, domin sunan ya gaya masa cuta ce da kowa ke da ita. Mai fassarar da ya ga kalmar zubar jini ta dubura ya rubuta basir, ya yanke hukuncin da likita bai yanke ba.

Sai kalmar uwar hanji. Kalma ce ta gida, mai daɗi, daga bakin mahauta da masu gyaran kayan ciki. Mun ji ana nufin babban hanji ɗungurungum da ita, mun kuma ji ana nufin ƙarshensa mai kauri kawai. Kafin a shigar da ita littafi dole a tsayar mata da iyaka. A kuma tuna cewa babban hanjin saniya da na tunkiya a nannaɗe yake kamar gammo, ba irin tsarin na mutum ba. In muka kwashi sunayen mahauta ba tare da tacewa ba, sai mu maimaita kuskuren Jalinus da harshenmu.

4.0 Sunayen Ayyukan Tiyata

A nan ne gazawar ta fi fitowa fili, a nan ne kuma Hausa ta fi wadata da abin gyara. Sunayen tiyata na Turawa an gina su da ɗafa-ƙeya na Girkanci. Ga kalmomi uku da saiwarsu ɗaya: kolotomi, kolektomi, kolostomi. Ta farko tana nufin a tsaga babban hanji a mayar a ɗinke. Ta biyu a yanke shi ko sashensa a fitar. Ta uku a fito da bakinsa ta fatar ciki ya zama ƙofar bahaya. A kunnen Bahaushe, har ma da Baturen da bai yi likitanci ba, kusan sauti ɗaya ne. Da muka ba ɗalibanmu su fassara, amsar da ta fi yawa ga duka ukun ita ce "tiyatar hanji".

Alhali aikatau na Hausa yana rarrabe waɗannan ma'anoni ba tare da wahala ba. Tun 1960 F. W. Parsons ya nuna yadda aikatau ke sauya wasalin ƙarshe da karin sauti ya sauya ma'ana, kuma aji na huɗu a tsarinsa shi ke nuna an ƙarar da aiki ko an raba abu da wurinsa. Kowane yaro ya san bambancin "ya yanka" da "ya yanke", da na "ya ɗinka" da "ya ɗinke". Abin da Girkanci ya yi da ɗafa-ƙeya, Hausa tana yin sa da wasali ɗaya ko da zaɓen aikatau: tsaga, yanke, haɗe, kafe, leƙa, warware, buɗe. Abin mamaki ne a bar wannan dukiya a tafi neman aro.

Mu ɗauki murɗewar hanji. Wannan suna da ke yawo a bakin jama'a da ma'aikatan asibiti muna yaba masa, domin ya faɗi wurin, ya faɗi abin da ya faru, kowa kuma ya san murɗa. Maganinta iri-iri ne. In hanjin bai mutu ba, ana zura bututu ta dubura a warware shi iska ta fita, hanyar da wani likitan Norway mai suna Bruusgaard ya yaɗa a 1947. Sai dai murɗewar takan dawo ga kusan rabin waɗanda aka yi wa haka ko fiye, shi ya sa ake shawartar mutum ya yarda a yanke lanƙwasar bayan ya huta. In mai fassara ya kira matakin farko "aiki", majiyyaci zai ɗauka an gama, ya tafi gida bai komo ba sai ranar da ta sake murɗewa. In aka ce masa an warware ne kawai, saura a yanke, ya san da sauran magana.

In kuwa hanjin ya riga ya ruɓe, sau da yawa akan yi aikin da ake jingina wa Henri Hartmann, likitan Faransa da ya bayyana shi a 1921, tun asali domin ciwon daji. Ana yanke lanƙwasar, a ɗinke bakin sashen ƙasa a bar shi a ciki, a fito da bakin sashen sama ta fatar ciki. Ana iya komawa a haɗe su bayan wata uku zuwa shida ko fiye, ko da yake da yawa ba sa samun haka. Akwai kuma aikin Ernest Miles na Ingila, na 1908, wanda ake cire ƙarshen hanji da dubura gaba ɗaya, shi kuwa ba komowa. Fassara irin ta "aikin Hartmann" da "aikin Miles" tana girmama mamata, ba ta gaya wa rayayye kome. Majiyyata biyu za su tashi da jaka iri ɗaya a wuri ɗaya, na farko yana da fatan rabuwa da ita, na biyu ba shi da shi. Lalle ne sunan Hausa ya ɗauki wannan bambanci a cikinsa.

5.0 Ƙofar Ciki da Darasin Malaman Fiƙihu

Buɗe wa bahaya ƙofa a ciki tsohuwar dabara ce. Littré ya kawo shawararta a Faransa a 1710, Duret kuma ya yi ta cikin nasara a 1793 ga wani jariri da aka haifa ba dubura. Jakar roba mai mannewa da ake yarwa bayan amfani kuwa wata ma'aikaciyar jinya ce 'yar Denmark, Elise Sørensen, ta ƙago ta a 1954 saboda 'yar'uwarta da aka yi wa wannan aiki. Faransawa sukan kira ƙofar da sunan da ke nufin dubura ta ƙirƙira, kuma mun ji masu fassara suna cewa "duburar roba" ko "sabuwar dubura". Duka biyun ba su yi ba. Ƙofar ba roba ba ce, naman hanjin mutum ne, jakar ce roba. Kuma ba ta da naman da ke matsewa, don haka mutum ba shi da ikon riƙe abin da ke fita. Kiran ta dubura alkawari ne da ba za ta cika ba, ga shi kuma suna ne da zai zama abin gori.

Abin da ya ba mu mamaki shi ne mun tarar malaman fiƙihu sun riga mu isa wurin. A babin abubuwan da ke warware alwala, Muhtasar na Shaihu Halil, littafin ƙarni na 14 da ake karantawa a zaurukan ƙasar nan, ya tattauna hukuncin abin da ya fito ta wata huda a ƙarƙashin tumbi idan mafitai na asali sun toshe, da saɓanin da ke akwai idan ba su toshe ba. Akwai kuma babin mai yoyon fitsari ko bahaya da ba ya iya riƙewa, wanda malamai ke kira salas, da sauƙin da aka yi masa. Yanke fatawa ba aikinmu ba ne. Abin da ya shafe mu shi ne tsawon ƙarnoni malamai suna fassara wannan mas'ala baki da baki da kalmomi irin su huda da kafa da ƙofa, ba tare da kunya ko ƙyama ba. Ranar da wani malami ya karanta wa kawunmu wannan wuri ya fassara masa, ranar ya koma sahu. Da kalmar da aka yi amfani da ita a asibiti ta yi daidai da wadda ke zaure, da ya san tun ranar farko cewa halin da yake ciki yana da suna, yana kuma da hukunci.

6.0 Shawarwari

Bisa abin da ya gabata muna gabatar da waɗannan, domin a tattauna, a gyara, a gwada su a bakin majiyyata:

(a) Babban hanji ya zauna a matsayin sunan gaba ɗayan, a bar uwar hanji sai an daidaita ma'anarta.

(b) Sigmoyid: lanƙwasar babban hanji.

(c) Rektum: ƙarshen hanji. Mun guji gindin hanji saboda ɗaya ma'anar gindi.

(d) Dubura ta tsaya ga ƙofar kawai, gajeriyar hanyar kuma a ce hanyar dubura.

(e) Kolotomi: tsaga hanji. Kolektomi: yanke hanji, a ambaci sashen, alal misali yanke lanƙwasar babban hanji. Sadar da baki biyu bayan yankewa: haɗe hanji.

(f) Duba cikin hanji da bututu mai fitila: leƙen hanji, gajere in ya tsaya a lanƙwasa, dogo in ya zagaye babban hanji duka.

(g) Kolostomi: buɗe ƙofar bahaya a ciki, a taƙaice ƙofar ciki. Kada a taɓa faɗin ta ba tare da an ƙara "ta wucin gadi" ko "ta dindindin" ba. In likita bai tabbata ba sai ya buɗe ya gani, a faɗi hakan kafin a sa hannu.

(h) Basir ya tsaya ga kumburin jijiyoyin dubura da likita ya tabbatar. Kafin nan a ce jini a bahaya.

Za a ce waɗannan sunaye sun yi tsawo. Gaskiya ne, amma gidan waya da jirgin ƙasa da hawan jini duk kalmomi biyu ne, sun kuma zauna daram. Baki yakan gajarta abin da ya saba da shi. Za a kuma ce ba su kai na Girkanci ƙayyadewa ba. Amsarmu ita ce a bar na aro a takardar likita da allon aji, a koyar da ɗalibin jinya duka biyun, ya san wanda zai rubuta da wanda zai faɗa.

7.0 Kammalawa

Aikin ƙirƙirar kalmomi ba sabo ba ne a Hausa. Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955 ta taɓa shi, Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Kano ta ɗora, kuma littafin keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya nuna abin da masana za su iya in sun zauna tare. Bambancin fagen likitanci shi ne mai amfani da kalmar na ƙarshe ba ya cikin zauren taro, yana kwance a gado. Don haka muna kira ga sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilmi, a Nijeriya da Nijar, su zaunar da likitan tiyata da ma'aikaciyar jinya da mahauci da malamin fiƙihu da mutumin da ke ɗauke da jaka a teburi ɗaya, a bi sassan nan ɗaya bayan ɗaya. Kowace kalma aka amince da ita a kai ta ɗakin majiyyata a faɗa wa mutum, sa'an nan a ce ya maimaita abin da ya fahimta za a yi masa. In ya faɗi daidai a rubuta ta, in ya kauce a komo a sake zama.